Tagar da Na Toshe

Ni magini ne a Talatar Mafara,
hannuna ya san nauyin bulo tun gemu bai fito ba.
Bara, da dare ya zama abin tsoro,
na kwaɓa siminti rabin buhu
na toshe tagar ɗakin gabas,
na shafe wurin sumul, ban bar ko kafar allura ga iska.

Sai ga ƙanwata Tumba da 'ya'ya biyar,
sun baro ƙauye da tukunya ɗaya da akuya.
Ga Inno, ga matata, ga namu uku,
ni na ɗauki bargona na koma zaure.
Rai goma sha ɗaya a ɗaki guda,
ƙafar wannan a matashin wancan,
ƙyaure a rufe, sakata biyu, waje kuma ana marka.

Autanta Nomau ya zo da ɗan tari,
irin wanda ake ce wa zai wuce.
Litinin shi kaɗai.
Laraba su huɗu.
Kafin Juma'a ɗakin ya zama kasuwar kaki da atishawa,
daga zaure ina jin ƙirjin Inno
yana ƙugi kamar turmin da ake daka.

Muka zargi moɗar randa, muka raba kowa da tasa.
Muka zargi ruwan da ya doki yara a hanya.
Matata ta dafa citta da kanumfari
har tukunyar ta gaji da mu.
Ni kuwa ko mura, sai na ce ƙarfin jini ne,
ban san zauren da ba ƙyaure ne ya yi min haka.

Malama Zulai ta asibitin unguwa ta zo da jakarta.
Ta auna Inno, ta ba da abin da za ta ba,
sannan ta tsaya tana kallon bango.
Ta ce a ba ta tsinken turare.
Ta kunna, ta tura ƙyaure, ta ce mu zauna.
Hayaƙin ya hau, ya nemi hanya, ya rasa,
ya kwanta bisa kawunanmu kamar rumfa,
ya dawo ya shafi kowa a fuska.

Ta ce: haka numfashi yake, sai dai shi ba ya da launi.
Mai tari ya tara, mai magana ya faɗa,
wani raɓa mai sauƙin gaske ya fita bakinsa,
ba ya faɗuwa ƙasa da wuri, rataye yake.
Ƙwayar cutar a kansa take hawa.
Abin da Nomau ya fesar da isha'i
shi Inno ke ja da asuba kafin ta farka.

Ban ce uffan ba.
Na san wanda ya yi shafen nan, na san ranar.
Na rufe wa ɓarawon waje hanya,
na kulle na ciki tare da uwata.

Da hantsi na ɗauko guduma.
Aikina ne, mai kyau ne, ya ƙi karyewa da daɗi.
Bulo na uku da ya faɗi
sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ba sallama,
labule ya motsa, akuya ta leƙo.
Na kafa rodi huɗu, na ɗaura ragar sauro,
na huda wata 'yar kafa sama a bangon yamma,
don abin da ya shigo ya san ta inda zai fita.
Masu tari muka mai da su rumfa da rana,
zazzaɓin Inno sai da ya kwana tara ya sauka.

Har yau tsoron dare bai bar ni ba.
Kare ya yi haushi, sai in tashi in dubi tagar.
Amma nakan tsaya a gindinta in saurara:
numfashi goma sha ɗaya, kowa da nasa,
ba mai aron na wani.
In maƙwabci ya kira ni toshe tasa,
nakan ce ya kawo tsinken turare tukuna,
mu zauna, mu rufe ƙyaure, mu ga inda hayaƙi zai sauka.